Baffa, Mai Amsa Sallama da Hannu

Mutumin da ya kawo mana labarin bai iya faɗinsa ba. Ya tsaya a bakin zaure, ya cire hula, ya mayar da ita, sannan ya ce, "Baffanku ne."

Gwaggo, ƙanwar Baba, tana tankaɗe a tsakar gida. Ba ta ko ajiye rariya ba ta ce, "Ya karye ko? Na faɗa masa. Ƙafa ce ko hannu?"

Mutumin ya girgiza kai.

"Kare ne ya cije shi?"

Da ya faɗi abin da ya zo faɗa, Gwaggo ta ce masa ƙarya yake yi. A gabana ta faɗa, ita da ban taɓa jin ta ƙaryata babba ba. Ta ce ya koma ya duba da kyau, wani ne. Ta ce mutumin da ya wuce ta ƙofar gidan nan da asuba ƙafarsa na dukan ƙasa kamar ta saurayi ba zai mutu kafin hantsi ba. Sai kuma rariyar ta suɓuce, gari ya watse, ta zauna a cikinsa.

Na Allah ne mu, kuma wurinSa kowa zai koma. Na san wannan, na faɗe shi ranar, na ji ɗaruruwan mutane sun faɗe shi a ƙofar gidanmu. Amma ban taɓa ganin zaman makokin da mutane suka kasa yarda da mutuwa kamar na Baffa ba. Tsofaffin ɗalibansa, waɗansu da furfura a gemu, suna shigowa suna tambaya, "Mushe? Mushe namu?" don haka suke kiransa, wato malam da Faransanci, tun yana koyar da wasanni a lakwal, makarantar boko. Mai shayin bakin tasha ya yi ta rantsuwa cewa ya wuce shi da safen nan, har ya ɗaga masa hannu, kamar rantsuwar za ta dawo da shi. Wani tsoho da aka riƙo ya zauna da ƙyar, ya dubi gwiwoyinsa ya ce, "Ni ina nan da waɗannan, shi ya tafi?" Akwai kuma masu raɗa a gefe cewa gudun ne ya kashe shi. Liman ya ji su, ya ce kwana ne ya ƙare, a yi masa addu'a.

Baffa ƙanen Baba ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekararsa sittin da huɗu. Tun kafin a haife ni yake gudu kowace safiya bayan sallar asuba, daga ƙofar gidansa ya ratsa gari ya kama hanyar Tsauni, har zuwa wani gawo da ke kilomita bakwai. A nan yake tsayar da kuronon da yake ratayawa a wuya, agogon auna gudu, ya zauna ya jingina da itacen, ya ɗora yatsu biyu a wuyansa yana ƙirga bugun zuciya, sannan ya tashi ya dawo. A gindin wannan gawon aka same shi, a zaune, a jingine.

Wanda ya same shi baƙo ne. Wani mai amalanken shanu ne daga wajen Dawce, bai taɓa ganinsa ba. Ya zo gaisuwa a rana ta biyu, aka matsa masa ya faɗi yadda aka yi. Ya ce shi dai ya ga dattijo a zaune, ya yi sallama, ba a amsa ba. Ya sake yi, ba a amsa ba. Sai ya tsayar da shanu ya sauka, don a garinsu in ka gai da mutum sau biyu bai amsa ba, to ba lafiya.

Da ya faɗi haka sai aka fara kallon juna. Duk garinmu Matameye an san Baffa ba ya amsa gaisuwa da baki in yana gudu, ko in yana ƙirgar nan tasa a gindin gawo. Hannu kawai yake ɗagawa. An saba, har an daina jira. Wani manomi da ke zaune kusa da ni ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni ma na wuce shi. Na gaishe shi." Wani ya ce shi ma. Kafin a tashi sallar azahar na ƙirga mutum biyar. Duk sun gan shi, duk sun yi sallama, duk sun wuce. Waɗanda suka san shi suka wuce, wanda bai san shi ba ya tsaya.

Na shidan bai yi magana a cikin taro ba. Baba ne, kuma bayan la'asar ya aika a kira ni.

Ni ne autan Baba, kuma ban iya magana a gabansa ba. Ban iya magana a gaban kowa ba, in za a faɗi gaskiya. Ina karatu a jami'a a Damagaram, na zo hutun damina. Na same shi a ɗakinsa na zaure, kwanon tuwon rana a rufe a gefe ba a taɓa ba. A gabansa akwai kuronon Baffa da wani kaye mai shuɗin bango, irin littafin rubutun 'yan lakwal. Matar Baffa ce ta aiko da su.

Ya ce, "Auta, kai ne mai lissafi."

Na ce, "Na'am, Baba."

"Na wuce shi. Ina kan babur za ni gona. Na yi sallama na wuce." Ya tura kayen gabana da yatsa ɗaya. "Yana rubuta komai a nan. Ka duba. Ka faɗa mini, lokacin da na wuce, yana da rai ko babu."

Na dubi kayen.

Ya ce, "Ƙanena ya cika ba wanda ya tuna masa kalmar shahada. In yana da rai na wuce shi, ina so in sani. Kada ka yi sauri. Ka duba da kyau."

Na ɗauki kayen da kuronon na fito. Gwaggo tana tsaye a bayan ƙofa, ta ji komai. Ta ja ni zuwa bakin rumbu ta riƙe mini hannun riga.

"Ka ce masa ya riga ya cika."

"Gwaggo, ban duba ba tukuna."

"Ba ruwana da dubawarka. Kwana biyu Yaya bai sa komai a baki ba. Na rasa ɗaya, ba zan rasa biyu ba. Kai ɗan boko ne, duk abin da ka ce zai yarda. Ka rubuta masa lambobi, ka ce ya riga ya cika. Wa zai sani?"

Kwana biyar na yi da kayen nan. Matar Baffa ta ba ni sauran, guda ashirin da huɗu, ɗaure da tsumma a cikin akwatin ƙarfe. Na zauna da su a ɗakina tsakanin gaisuwa da gaisuwa. Ina neman amsar Baba, amma abin da na yi ta samu shi ne Baffa.

A shafin farko na kaye mafi tsufa akwai zanen hanyar Tsauni. Shi da kansa ya auna ta. Bai yarda da ƙiyasin direbobi ba, sai ya ɗauki igiya mai mita hamsin da turken ƙarfe, ya yi ta kafawa yana ja, yana komawa yana cirewa, har mako uku. Duk kilomita ya shafa wa itace farar ƙasa. Matar Baffa ta ce a lokacin manoman hanyar sun ɗauka gwamnati ce za ta ƙwace gonaki, har wani tsoho ya zo gida da zakara a hammata yana roƙon a kauce wa tasa. Baffa ya yi ta bayani, tsohon bai yarda ba. Ya ce ba mai hankalin da zai auna hanya don ya yi gudu a kanta ba wanda ya kore shi. Ya ajiye zakaran ya tafi. Washegari Baffa ya mayar masa da shi, a guje, zakaran na kuka a hannunsa kilomita huɗu.

Haka garin ya ɗauke shi da farko. A wurinmu in ka ga babban mutum yana gudu da sassafe, ko gobara ce ko ɓarawo. Matar Baffa ta ce a shekarun farko sau biyu mutane suka biyo shi da sanduna suna tambayar ina ɓarawon ya bi. Daga baya aka saba. Mata suka riƙa ɗora koko da wucewarsa, suna saukewa da dawowarsa.

Mutum ɗaya ne bai taɓa sabawa ba.

Ina da shekara goma sha ɗaya aka yi rigimar. Baba ya yi baƙi, abokan cinikinsa na hatsi daga tsallaken iyaka, alhazai masu manyan riguna. Sun kwana, da safe aka shimfiɗa musu tabarma a ƙofar gida ana shan kunu. Sai ga Baffa ya dawo daga gawo, jiƙe da gumi, da gajeren wando iya gwiwa. Baba ya yi masa sallama. Baffa ya ɗaga hannu ya wuce. Ɗaya daga cikin baƙin ya bi shi da kallo, ya ce, "Allah sarki. Alhaji, ba shi da dangi ne a garin nan?"

Da hantsi Baba ya aika a kira shi. Muna tsakar gida muna jin su.

"A gaban baƙina! In yi maka sallama ka ɗaga mini hannu kamar ɗan sanda?"

"Yaya, na amsa. A zuci na amsa, na kuma nuna maka."

"Amsa sallama wajibi ne, da baki ake yi."

"Numfashin mai gudu ƙidayayye ne, Yaya. In na amsa maka sai ka ce ina kwana. In na ce lafiya sai ka ce ina gajiya, ina iyali, ina ruwa. Kafin mu gama rana ta fito. Kuma in na tsaya maka, sai na tsaya wa duk garin."

"Ni duk garin ne?"

Baffa bai amsa wannan ba. Ina ganin da ya amsa, da maganar ta ƙare a ranar.

Ba su yi gaba ba. Ba irin mutanen nan ba ne. Ana suna tare, ana jana'iza tare, ranar Sallah Baffa yana zuwa ya durƙusa ya gai da yayansa, Baba ya amsa. Amma zaman hira ya mutu a tsakaninsu. In aka ambaci gudun a gidanmu Baba yakan ce, "Dattijo da gajeren wando," ya tashi. Abin da ya ba mu mamaki, mako ɗaya bayan rigimar Baffa ya je wurin tela aka ɗinka masa dogon wando har idon sawu, bai sake sa gajere ba. Kowa ya lura. Baba kuwa shekara goma sha ɗaya yana faɗin gajeren wando. Muka ɗauka taurin kai ne.

Wanda ya san Baffa a guje kawai zai zaci mutum ne marar gaisuwa. Ba haka ba ne. In yana tafiya a ƙasa ba wanda ya kai shi. Daga gidansa zuwa kasuwa sai ya yi awa guda. Ya san sunan jikan kowa, ya san wanda akuyarsa ta haihu. Ni na fi kowa sanin wannan, saboda ranar da ya kai ni Damagaram.

Shi ya raka ni shekarar farko, don Baba yana kaka. Muka sauka a gidan wani ɗan'uwa a unguwar Zango. Ban taɓa kwana a babban gari ba, kuma na riga na yanke a raina cewa zan koyi hanya ɗaya tak, daga ɗaki zuwa aji. Da muka idar da sallar asuba sai ya ce, "Malam Shiru, sa takalmi. Zo ka ga garin kafin ya sa riga." Malam Shiru yake kirana.

Bai yi gudu ba ranar. Muka taka a ƙasa daga Zango har Birni, tsohon gari. Ya bi da ni lungunan da mutum biyu ba sa jerawa, muka wuce mata suna shara, masu burodi suna fitar da na farko, wani dattijo yana shanya jar fata a kan katanga. Ya hau da ni kan manyan duwatsun da ke Birni, muka tsaya har rana ta fito ta bugi soraye. Ya ce, "Wanda ke kan babur hanya ya sani. Garin sai wanda ke ƙasa." Da muka sauko sai ya tsaya a wata mararraba ya ce ya ɓata.

Na ce, "Baffa, ai ka yi karatu a garin nan."

"Na manta. Tsufa. Ga mai shayi can, je ka tambaye shi hanyar tasha."

Na tsaya. Ƙafata ta ƙi. Akwai mutum kusan takwas a kan bencin mai shayin. Baffa ya zauna a kan wani dutse, ya danna kurono. Ina jin ƙarar dannawar. Na yi ta kallon ƙasa, na yi ta gyara maganar a raina. Daga ƙarshe na je, na yi sallama, na tambaye shi. Mai shayin ya nuna mini hanya, ya tambaye ni ɗan ina ne, ya ce matarsa 'yar Kance ce, ya zuba mini shayi ya hana ni biya. Da na dawo Baffa ya danna kuronon ya duba.

"Minti goma sha ɗaya da daƙiƙa arba'in. Ba laifi. Baɗi za mu sauko da shi biyar."

Na samu labarin wannan safiyar a cikin kaye, a shafin ranar. A wurin da yake rubuta nisan gudu ya sa sifiri. A gefe ya rubuta minti goma sha ɗaya da arba'in, ya ja layi biyu a ƙarƙashi. A nan ne na fara kuka, kwana huɗu bayan rasuwarsa. Kafin nan idona a bushe yake.

Bana ya ji ana shirya tseren kilomita ashirin da ɗaya a Damagaram bayan kaka, ya ce zai shiga. Matarsa ta ce, "Malam, ka tuna shekarunka." Ya ce ba don ya ci zai je ba. Ya ji an ce ranar ana tare hanyoyi, ba mota ba babur, shi kuma yana so ya ga Damagaram sau ɗaya ba ƙarar inji, ya ji sawunsa a tsakiyar titi. Ya ce lissafin ma mai sauƙi ne, gawo sau uku. Ya ce ni zan tsaya a ƙarshe in riƙe masa kurono. Na ce to. Na ma sayi sabon kaye don ranar, yana nan a jakata.

Yanzu ga abin da na samu game da tambayar Baba. Shafin ranar yana da layi ɗaya, don kafin ya fita yake rubuta lokacin tashi, sauran sai ya dawo. Ya rubuta shida saura minti goma. Kuronon a tsaye yake a kan minti arba'in da huɗu da 'yan daƙiƙai, kuma ba ya tsayawa sai an danna. Ke nan ya isa gawo da ƙafarsa, cikin lokacin da ya saba, ya danna da hannunsa, ya zauna da ƙarfe shida da minti talatin da huɗu. Baba kuwa kullum yana tayar da babur daidai lokacin da rediyo ya fara labaran shida da rabi, kuma a yashin hanyar nan minti ashirin ne zuwa gawo. Na ari keke na je na dawo, na tambayi masu babur uku. Baba ya wuce shi bakwai saura minti goma. Tsakani minti goma sha shida. Mai amalanke ya iso wajen bakwai da rabi.

Na je wurin likitan da ya duba shi. Na tsaya a ƙofarsa, ban san minti nawa ba, kafin na shiga. Ya ce zuciya ce. Na ce nan take? Ya ce wani nan take, wani ya kai rabin awa, ba wanda zai iya faɗa. Na bi mutum biyar ɗin nan ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya san ƙarfe nawa ya wuce. Ɗaya ya ce kamar ya ga hannunsa a wuya. Sauran suka ce ba su lura ba.

Akwai abu ɗaya kuma a cikin kayen. A ƙarshen layin waɗansu ranaku akwai harafin Y, shi kaɗai. Ya fara bayyana shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Ba ya zuwa sai da damina da kaka, kuma ba ya zuwa ranar kasuwa, ranar da Baba ba ya zuwa gona. Na kai wa matar Baffa, ta duba ta ce, "Yaya ne. Duk ranar da suka haɗu a hanya sai ya sa. In ya dawo yana wanka sai ya ce mini, yau ma Yaya ya yi sallama." Sai na tuna wata magana da ya taɓa yi mini, ina ganin kamar wasa ne. Ya ce, "Malam Shiru, ko sau ɗaya ban taɓa barin sallamar babanka ta faɗi ƙasa ba. Ko ina ƙirga, da hannun hagu nake amsawa."

Gwaggo ta sake tare ni ranar addu'ar bakwai. Ta ce, "Ka shirya abin da za ka ce?" Na ce na shirya. Ta dube ni ta gane. Ta ce, "Kai da Baffanka duk ɗaya ne. Allah ya shirye ku." Sai ta tuna ɗayanmu ba ya nan, ta rufe baki da mayafi.

Washegari bayan asuba Baba ya tsaya a ƙofar masallaci yana jirana. Ya ce in ɗauko kayan, za mu gawo. Na nufi wurin babur, ya ce a'a, a ƙasa. Shekararsa saba'in, kuma kwana takwas ba abin da ya shiga cikinsa sai ruwa da ɗan kunu.

Muka bi hanyar Baffa. Mai shayin tasha ya miƙe tsaye da ya gan mu. Mata masu koko suka leƙo. Baba yana amsa gaisuwar kowa yadda ya saba, cikakkiya, har da ina gajiya. Da muka fita gari gero ya rufe mu hagu da dama, ya fi mu tsawo, raɓa na jiƙa mana ƙafa. Duk kilomita akwai itace da farar ƙasa. A na biyu Baba ya tsaya ya shafa ta. Ya ce, "Shekara nawa ina bin hanyar nan, ban taɓa ganin wannan ba." A na biyar numfashinsa ya fara fita da ƙara. Na ce mu huta, ya ƙi. Mun fi awa biyu kafin mu isa.

Gawon ba shi da ganye, kamar yadda gawo yake da damina. Baba ya tsaya yana duban gindinsa, bai zauna ba.

"Faɗa mini."

Na buɗe kayen, ko da yake na haddace. Na faɗa masa lokacin tashi, da na kurono, da nasa. Na ce, "Minti goma sha shida ne tsakanin zamansa da wucewarka, Baba. Likita ya ce ba wanda zai iya sani. Lissafin iyakarsa ke nan. Ban sani ba."

Bai ɗauke ido daga gindin itacen ba.

"Gwaggonka ta ce ka ce mini ya riga ya cika."

"Ta ce."

"Me ya hana ka?"

"Ka ce in duba da kyau."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ni kuma na tattaro abin da ya rage mini na ƙarfin hali, na ce, "Amma akwai hanyar sani, Baba. Kai ne kake da ita. Ya taɓa faɗa mini bai taɓa ƙin amsa maka ba, ko yana ƙirga. In da yana cikin hayyacinsa, da ya ɗaga hannu. Da ka yi sallama, ya ɗaga?"

Baba ya juyo ya dube ni. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Ban duba ba."

Na tsaya da kaye a hannu.

"Ban duba ba, Auta. Shekara goma sha ɗaya ban duba ba. Da na hango farar rigar nan daga nesa sai in juya fuskata wajen gero, in yi sallama don in sauke nauyi, in wuce. Na rantse a raina ba zan sake ganin hannun nan ba." "Ban san ya sake wando ba. Wallahi ban sani ba, sai ranar da muka cire masa shi za mu yi masa wanka."

Sai na buɗe masa kayen na nuna masa harafin, na buɗe shafi na gaba, da na gaba. Na ce masa wannan Yaya ne, duk ranar da kuka haɗu. Baba bai yi boko ba, amma ya ɗora yatsa a kan harafin, ya bi shi ƙasa, layi bayan layi.

"Duk waɗannan?"

"Wannan na bana ne kawai. Akwai goma a gida."

"Yana ganina ina juya fuska."

"Yana gani."

"Kuma yana ɗagawa."

"Yana ɗagawa, Baba."

Ya zauna a inda ƙanensa ya zauna, ya jingina. Ƙirjinsa na hawa da sauka, hawaye na bin gemunsa bai share ba. Na ga leɓɓansa suna motsi da kalmar shahada, sau da yawa, a hankali, kamar yana biya wa wani. Na tsuguna a gefe ina roƙon Allah a zuci Ya yafe wa Baffa, Ya haskaka masa makwanci, Ya sa doguwar tafiyar da ya kama ta yi masa sauƙi fiye da duk wadda ya taɓa yi a hanyar nan.

Muna nan sai ga wani mutum a kan keke, da hauya ɗaure a baya. Ya yi mana sallama. Na amsa. Baba ya buɗe baki, numfashi ya ƙi, kuka ya tare maganar. Mutumin bai wuce ba. Ya taka birki, ya sa ƙafa a ƙasa, ya sake yin sallama yana duban Baba da kyau, yana jira.

Baba ya dube shi, ya ɗaga hannu.